Ni Na Kulle Yayana a Cikin Tirela

A shekarun da zan ba da labarinsu ni bazawara ce mai 'ya'ya uku, ina sayar da tuwo da shinkafa a rumfa kusa da karar shanu ta Wudil, inda tireloli ke jeruwa suna jiran lodi. Ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, shi ya sa yau da hannuna nake rubuta muku wannan. Abin da na iya shi ne baki. Duk tashar an san ni, namiji bai isa ya ci abincina ya kawo min wargi ba, kuma har alfahari nake da hakan. Mutum ɗaya nake rusunawa a duniya, yayana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu a Darki, shi ya kafa min rumfar da aurena ya mutu. Direban tirela ne mai kai shanu Kudu, yana fama da ciwon suga, wanda ni a iya sanina ciwo ne mai hana mutum shan zaƙi, shi ke nan.

Wata Juma'a da bazara, ranar kasuwa, ya iso da hantsi daga doguwar tafiya. Na zuba masa tuwo na hau kan motar na kai masa. Na tarar yana ta gumi, hannunsa na rawa, na gaishe shi ya amsa min da faɗa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya sha maganinsa tun da safe, abinci kuma ba ya so yanzu, in bar shi ya ɗan kwanta. Na ce a raina gajiya ce. Ya haye gadon da ke bayan kujeru ya ja labule. Ƙofar direba dama ya kulle ta daga ciki, gilasai a sama saboda ƙudajen kara, sai ɗan tsagi da ya bari kamar faɗin yatsa. Na san halin 'yan kamasho, ba sa sallama, sai dai su ɓalle ƙofa su ja ƙafar mutum. Don haka da zan sauka na danna maɓallin kulle na ɗaya ƙofar, na riƙe hannunta kamar yadda na ga yana yi, na rufe. Makullin yana maƙale a jikin mota, ina kallonsa. Na sauko da tuwon na rufe shi, na ce ya ci in ya tashi.

Daga nan na zama mai gadi. Ɗan kamasho ya zo na kore shi. Dillalai biyu suka zo maganar lodi, na ce musu shanunsu ba su fi barcin yayana ba. Da aka yi kiran sallar Juma'a wani dattijon direba, abokinsa tun suna samari, ya zo zai buga ƙofar. Ya ce shekara da shekaru suna tare bai taɓa ganin barci ya hana mutumin nan Juma'a ba. Na tare gabansa na ce matafiyi ne, Allah ma ya yi masa rangwame, balle shi. Ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, wannan barcin bai kwanta min ba.” Na ce to ya je ya kwanta masa a masallaci. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Wallahi har yau ina jin dariyar nan a kunnena.

Ana saukowa daga masallaci ya dawo, wannan karon bai ko kalle ni ba. Ya taka matakala ya kare fuska da hannu yana leƙe, sai na ji yana salati. Ƙafar yayana ta zamo daga gado tana lilo a ƙarƙashin labulen. Aka yi ta bugun ƙofa da kiran sunansa, ko motsi. Aka tambayi wa ya kulle, na ce ni ce. Direbobi suna da wata al'ada, in makulli ya shige ciki sai kowa ya kawo nasa a gwada, don wani lokaci na tsofaffin motoci yakan buɗe wata. Aka yi layi ana gwadawa, babu wanda ya juya. Aka kira bakanike ya lanƙwasa siririn ƙarfe ya zura ta tsagin gilashi yana neman kamo maɓallin, ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce. Wani ya kira mai motar a waya, shi kuma da aka gaya masa a gurguje cewa makulli ne ya shige, ya ce kada a taɓa masa gilashi, irinsa wahalar samu gare shi, zai aiko da ɗaya makullin daga Kano. Maza fiye da ashirin suka tsaya suna musun wa zai ɗauki alhakin fasawa.

Ni kuma da ba na tsoron kowa, na tsaya ina kallo. Tsoron kada a kori yayana daga aiki saboda ni ya ɗaure min hannu. Kusan awa guda muka ɓata a haka, rana tana dukan ƙarfen nan. Sai da na hau na kara kunnena a tsagin na ji irin minsharin da yake yi, wanda ba na mai barci ba ne, sannan na ruga rumfa na ɗauko taɓarya. Wani ya riƙe min mayafi yana cewa in jira, na ce, “Sake ni, motar ba ta da uwa ɗaya da ni.” Dukan farko ya zame, na biyu gilashin ya zube. Na zura hannu na buɗe, zafin da ya bugo ni kamar an buɗe tanda. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

A asibiti likitar, wata matashiya, ta tambaye ni yaushe rabonsa da abinci. Da na gaya mata sai ta ce suga ne ya yi ƙasa, ya sha magani bai ci komai ba, gumin da rawar hannun da faɗan duk alamunsa ne. Ta ce da an ba shi lemon kwalba ko cokalin sukari a lokacin, da ya miƙe. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Ya farfaɗo bayan kwana huɗu, amma ba yayana ne ya dawo ba. Bai ƙara gane matarsa ko 'ya'yansa ba, bai ƙara kiran sunana ba. Shekara biyu muna juya shi muna wanke shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Matarsa ta ce ta yafe min tun ranar. Dattijon nan kuwa har ya bar tuƙi bai sake zama a rumfata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yarda kwana ne ya ƙare, amma hakan bai wanke ni ba. Ƙauna ce ta sa na kulle ƙofar, girman kai ne ya sa na tsare ta, kuma na biyun ya fi ci min rai, don an gaya min gaskiya na mayar da ita abin dariya. Masu ɗan'uwa mai ciwo, ku je ku tambayi likita alamunsa, kada ku zauna da rabin sani irin nawa. Kada ku kulle mota a kan mai barci, ko da da kyakkyawar niyya. In kuwa ta riga ta kullu, aka kira na ciki bai amsa ba, kada ku nemi ƙarfe, kada ku jira izinin kowa. Ku fasa gilashin, a yi shari'ar daga baya.