Ta Ruwa Ake Zuwa Wurin Malam

Mun tashi daga Ruwais, unguwarmu a Jidda, da asubar washegarin ƙaramar Sallah, liman na sallamewa, tun masu gasa burodin tamis ba su hura tanderu ba. Ni ban iya karatu ba, balle rubutu. Maƙwabciyata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa mata, domin ku 'yan'uwa da kuka yi ta aiko tambaya ku ji daga bakina. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni, ta jira na gama.

Mu uku ne a motar. Ni, da ɗana da ke tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa, wanda ya aro wanet, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, sai kuma Rayyis. Rayyis shi ne shugaban jirgin da Malam, maigidana, ya yi aiki a ciki. Bahaushe ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci, yanzu ya tsufa har sai an kama shi kafin ya hau mota.

Malam tun yana saurayi yake kan ruwa. Da farko a sambuk yake, jiragen katakon nan da ke kwaso alhazai daga manyan jirage zuwa gaɓa, tun kafin a gina tashar da jirgi ke matsowa har bakin ƙasa. Daga baya hukuma ta ɗauke shi cikin masu gadin gaɓar teku, aka ba shi kaki da hula. Shekara goma sha ɗaya ke nan suka fita sintiri arewa, ciwon ciki ya kama shi, ya cika da hantsi. Iska ba ta ba su hanyar dawowa ba, ga zafi, sai suka shiga wani lungun ruwa suka yi masa sutura a bakin gaɓa. Kakinsa kawai aka kawo mini a naɗe. Ban ga gawa ba, ban ga makara ba. Duk Sallah maza na wucewa maƙabarta bayan Idi su gaida nasu, ɗana kuwa sai ya dawo gida ya zauna.

Mutanen jirgin suna da al'ada. Ranar Sallah da yamma sukan bi gidajen abokan aikinsu da suka rasu, su kawo kifi, su sha shayi, su yi addu'a. Shekarar farko su bakwai suka zo mini. Bana Rayyis kaɗai ya shigo yana dogara sanda. Na zuba masa dibyaza, abin zaƙin nan na Sallah da ake dafawa da busassun 'ya'yan itace, ya ci cokali biyu ya ajiye.

"Ya Hajja, mu huɗu muka haƙa kabarin nan. Uku sun tafi. In na bi su, halas, babu wanda ya san wurin."

Na ce, "To gobe ka kai mu."

Hanyar Madina yanzu kwalta ce sumul. Hagu teku na leƙowa yana ɓuya, dama rairayi da 'yan ƙayoyi, can nesa duwatsu baƙaƙe. Mun ga raƙuma kwance a gefen hanya suna tuƙa, ba abin da ya dame su da Sallah. A Zahban muka tsaya wata gahawa, wato rumfar shan shayi, mai dogayen gadajen igiya, waɗanda sai na taka gwangwani kafin na hau. Butar shayi kirshi huɗu, wake da tamis rabin riyal. Mai gahawar ya ce tun da Sallah ce ba zai karɓi na shayi ba, amma na ga ya rama a wajen wake. Rayyis ya sha buta guda shi kaɗai yana zagin kwaltar, wai ta lalata mutane, kowa yanzu ya zama matafiyi.

Mun wuce Tuwal rana ta ɗan ɗaga, Rayyis ya ce a sauka daga kwalta a nufi ruwa. Nan wahala ta fara. Ƙasar wurin fara ce fat, gishiri ne a sama, taɓo a ƙasa, kuma ko'ina iri ɗaya. Muka bi sawun mota har bakin wani lungun ruwa, Rayyis ya sauka, ya duba, ya ce ba nan ba. Muka koma wani, ya ce ba nan ba. Na uku ya daɗe a tsaye, ya juya gabas, ya juya yamma. Muka tambayi wani mai awaki ko akwai kabari a nan kusa, ya nuna mana maƙabartar ƙauyensu. Sau biyu mota ta kafe, ɗana ya tone ta da hannu, farar rigar Sallarsa ta koma kalar ƙasa. Haƙurinsa ya ƙare, ya juya wajen Rayyis, wanda yake kira ammi, wato baffa.

"Ya ammi, ka san wurin ko ba ka sani ba?"

Rayyis ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Ya ce, "Wallahi na sani. Amma ni ban taɓa zuwa nan ta tudu ba, ya waladi. Daga ruwa na san shi. Ta nan komai a juye yake."

Mu duka ba wanda ya yi wannan tunani tun daga gida, har shi. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kallon ƙasa daga teku muka ɗora a mota muka ce ya nuna hanya.

Ni kuwa da na gane abin da ake nufi, wato sai an hau jirgi, tsoro ya kama ni. Sau ɗaya na taɓa hawa teku, ina yarinya, da muka ƙetaro daga Sawakin da iyayena. Kwana biyar ina amai, na rantse ba zan ƙara ba. Na yi aure a bakin ruwa, na haihu a bakin ruwa, ban ƙara sa ƙafa a jirgi ba. Malam ya sha roƙona ya zaga da ni ko cikin huri ne, ƙaramin kwalekwalen nan, ina ce masa ya je shi da ruwansa.

Muka koma Tuwal wajen masunta. Wani dattijo mai ƙaramin jirgi da inji ya yarda zai fita da mu, amma Rayyis ya ce sai bayan azahar, rana ta koma bayanmu, in ba haka ba duwatsun ba za su fito ba. Matar masuncin ta shigar da ni rumfarta ta kara da buhuna, ta kawo sayadiyya, shinkafa ja da kifin da aka kama da safe. Ban taɓa cin irinta a Jidda ba. Larabcinta na ƙauye ne, rabi nake ganewa. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta riƙe hannuna, ta nuna teku, ta ɗaga yatsu biyu. Ƙanenta ne da ɗanta, teku ya ci su. Muka yi kukanmu tare, sannan ta ƙara mini kifi.

Ɗana ne ya ɗauke ni cak ya sa a jirgi. Na zauna a ƙasa tsakanin raga da gwangwanin kwasar ruwa, na rufe ido, na kama duk addu'ar da na sani. Masuncin na dariya yana cewa matar bahari, ma'aikacin jirgin hukuma, ce wannan? Rayyis ya ce masa ya kula da injinsa.

Da na gaji da rufe ido na buɗe, abin da na fara gani Rayyis ne. Ba tsohon da muka kamo ya hau mota ba ne. Ya karɓi sandar juya jirgi, ya miƙe zaune, ya tura rawaninsa baya. Ruwan kuwa ba kala ɗaya ba ne yadda nake zato daga gida. Inda yake baƙi-baƙi zurfi ne, inda yake kore rairayi ne, inda ya yi ruwan ƙasa duwatsu ne masu yanka jirgi. Muka fita waje sosai, iska ta fara ɗaga mu tana ajiyewa, ya juya arewa. Ya ce da ɗana ya duba masa, idonsa ba ya kai wa: akwai dutse mai kai biyu, a gabansa akwai jan tudu ƙarami. In jan tudun ya shiga tsakanin kawunan biyu, ya yi magana.

Muka yi ta tafiya. Na fara cewa a raina ko dutsen ma ya manta. Can ɗana ya miƙe yana nunawa.

"Ya shiga! Ammi, ya shiga!"

Rayyis ya karya jirgi ya miƙe gabas. Dama da hagu ruwa na farfashewa a kan duwatsu, mu kuwa muka bi ta wata 'yar kafa muka faɗa cikin ruwa kwance kamar a tasa. A gabanmu, kan gaɓa, ga tulin fararen duwatsu ya kai ƙugun mutum.

Masuncin ya ce, "Wannan kuke nema? Ai alamarmu ce. Da ita muke shiga nan in iska ta kore mu. Kowa ya tsira yakan ƙara dutse." Ya ce bai taɓa sanin mutum ne a ƙasa ba. Rayyis ya ce su 'yan duwatsu kaɗan suka ɗora saboda namun daji. Masuncin ya kashe inji, ya ce Allah ya yafe masa, ya sha shanya raga a kai.

Na taka ruwa har gwiwa na fita. A Jidda mata ba sa shiga maƙabarta, amma nan babu katanga, babu mai gadi. Na zauna ta wajen kansa yadda Rayyis ya nuna mini. Na yi masa sallama. Na gaya masa 'yarsa ta haifi uku, an sa wa ɗaya sunansa. Na gaya masa an rushe rumfar da yake zama a bakin ruwa. Na ce ga ni na hau jirgin, ya yafe mini da ban hau yana raye ba. Daga nan ban san abin da na ƙara cewa ba. Maza suka tsaya a jere suka yi addu'a. Rayyis ya ƙame ya sara masa irin ta aikinsu, hawaye na bin gemunsa. Kowa ya ɗora dutse. Nawa ƙarami ne, shi na iya ɗauka.

Na ɗauka mun gama. Da muka fito waje sai Rayyis ya tashi daga wurin sanda ya ce da ɗana ya zauna.

"Yalla, ka shigar da mu. Ba zan ce komai ba."

Na ce, "Rayyis, kashe ni za ka yi?"

"Ki yi haƙuri, ya Hajja. Abin da ya kawo mu ke nan."

Karon farko ɗana ya yi gaggawar juyawa, masuncin ya daka masa tsawa ya fizge sandar. Karo na biyu ya jira jan tudun ya zauna daidai, ya shigar da mu lafiya. Rayyis bai yaba masa ba, ya ce dai direban mota ne, amma zai yi.

Mun yi magariba a Tuwal, muka shigo Ruwais ana kiran isha, yara na ta wasa a titi da kayan Sallah. Kwana biyu ƙasa na yi mini lilo in na miƙe.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na zauna da mutum shekara talatin da wani abu, ina wanke masa kaki, ina ƙorafin gishirin da ke cinye shi, ban taɓa tambayarsa me yake gani a can ba. Ku da mazanku ke kan ruwa, ku tambaye su tun suna nan. Kuka bai bar ni ba, kada ku ce na warke. Amma da ina yi ban san inda zan juya fuskata ba, yanzu na sani. Ɗana ya ce Sallah mai zuwa da 'ya'yansa zai je. Ko Rayyis ya tafi, ko ni na tafi, akwai wanda ya san hanya.