Iya Abeke Mai Rabon Kujera

Shekara ashirin da biyu Abeke Fagbemi tana bin jirgin ƙasa daga Agbado zuwa Oyingbo, inda take da rumfar busasshen kifi. A tsohon jirgi wurinta sananne ne, jikin taga. Da ta zauna sai barci, sai an taɓa ta a tashar ƙarshe.

Da aka kawo sabbin taragu, ta shiga ta ga fili fetal, kujeru 'yan kaɗan a jikin bango, sai ƙarafan riƙewa da na'urar sanyaya wuri. Ta ce, "To, da wannan sanyi da ƙyalli za mu zauna?"

Kwana uku tana tsaye tana kallon samari a zaune, kowa ya dulmiya a waya. Rana ta huɗu wata mai tsohon ciki ta shigo. Abeke ta dafa kafaɗar wani mai kwat.

"Oga, kai ma wata tara ka yi a cikin wata. Tashi."

Ya tashi, tarago ya kwashe da dariya. Tun daga ranar ta zama mai rabon kujera: tsofaffi, masu goyo, masu ciki. Ita kuwa ba ta zama. In an yi mata tayi sai ta ce, "In na zauna, wa zai tashe ku?"

Wata safiya ta ga wani saurayi ya miƙe ƙafa, ga dattijo a tsaye.

"Ɗana, ƙafar aro ce da ba za ta ɗauke ka ba?"

"Ta aro ce, Mama." Ya ɗage wando, sai ga ƙafar roba.

Abeke ta dafe kai don kunya. Saurayin ne ya fara dariya, sannan kowa ya samu damar yi. Kafin a sauka ta cusa masa kifi biyu a jaka, ta ce ya yafe wa uwarsa.

Sunansa Gbenro, gyaran agogo yake yi a Yaba. Ya zo rumfa godiya, ya tarar da 'yarta Morayo tana jiran kaya. Ya sake zuwa godiya. Sai da ya zo sau biyar Abeke ta ce, "Kifi biyu ne fa kawai na ba ka."

Bara aka yi bikin Gbenro da Morayo a Agbado, aka tuƙa amala tukunya shida. Rabin mutanen taragon sun je, har da mai kwat.