Bugu Biyu, Ƙafa a Ƙasa

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da aka ɗauki Malam daga ƙofar ɗakina aka kai shi makwancinsa. Ba zan kama sunansa ba, mijina ne. Amma duk wanda ya zauna Sabon Garin Gusau a da, in aka ce Mai Waya ya san ko wa ake nufi: dogo, baƙi, da igiyar fata ɗaure a ƙugu, tafin hannunsa kamar bayan itace. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne ɗiyata Hadiza tana rubutawa, na kuwa ce mata kada ta gyara mini magana. Da na so in yi masa addu'a a ɗaki kamar kowace shekara in yi shiru. Tsoro ne ya fito da ni.

Aikinsa hawan turakun wayar tarho. A wancan zamani magana da ƙafa take tafiya, haka yake ce mini. Turke ya riƙe ta ya miƙa wa turke, turke ya miƙa wa na gaba, tun daga Gusau har Tsafe, ta wancan gefen kuma har Bungudu. In na ce ban gane ba, sai ya ɗaura zare tsakanin gwangwani biyu, ya ba ni ɗaya in kara a kunne, shi ya koma zaure ya yi magana a ɗayan. Ya ce to haka take, sai dai ita ta ƙarfe ce, kuma wuta ce ke ɗaukar muryar ba girgizar zare ba. In iska ta kayar da itace a kanta, ko wata babbar mota ta tsinka ta, ba ya shan wahalar tunani. Ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya har ya iske inda ta rabu, ya hau ya ɗaure. Ya ce waya baki biyu gare ta, kowane baki an san inda yake, an san wanda ke zaune a wurin.

Mu ba mu da tarho a gida. Ina mai hawan turke ya ga tarho? Amma jikin katangarmu akwai shagon Maman Ngozi, Inyamura mai sayar da atamfa, tana da shi baƙi ƙato a kan kantar shagon. Shi kuma Malam yana da 'yar wayar gwaji da yake maƙala wa layi ya ji ko gyara ya yi. Sai suka shirya tsakaninsu: duk ranar da ya fita daji aiki, in ya gama, zai buga shagonta sau biyu ya katse. Ba a ɗauka. Sau biyu kawai. Ita kuma ta ɗauki muciya ta bugi katanga, ta ɗaga murya:

“Amariya! Mijin ka ya gama. Sa ruwan tuwo!”

Har na haifi 'ya'ya biyar Amariya take ce mini. Ƙa'idar Malam kuwa, in ƙarar ta wuce biyu, to a ɗauka, ba lafiya ba.

Ana nan ana nan, wata damina, layin Tsafe ya yanke. Suka fita shi da abokin aikinsa Garba. Hadari ya taso daga gabas suna tsakar aiki. Garba ne a sama, ya riga ya ɗaure, saura ya gwada. Malam ya ce ya sauko. Garba ya ce bari dai ya buga ya ji ta shiga. Yana maƙala wayar gwajin aka yi tsawa. Bai mutu ba, Allah Ya yi da sauran kwana, amma ya faɗo, kuma hannunsa na dama bai sake ɗaukar ko ludayi ba. Ranar Maman Ngozi ba ta bugi katanga ba. Na yi tuwo ya huce. Da Malam ya shigo, rigarsa duk laka, ya wuce ya yi sallah. Sannan ya ce, “Da ya sauko tukuna.” Ya sake cewa, “Da ya sauko tukuna.” Ku riƙe wannan, zan dawo gare ta.

Kwanci tashi, duniya ta juya. Wayar hannu ta zo, aka daina kiran Malam. Turaku suka tsaya babu kowa, ɓarayi suka kwashe ƙarfen, mata suka yi shanya da abin da ya rage. Bai yi fushi ba, sai dai bai taɓa sakin jiki da sabuwar ba. Yakan zauna a zaure ya nuna mini dogon ƙarfen sabis mai jan fitila a ka, ya ce wannan 'yar wayar ta aljihu kiran wancan ƙarfe take yi ta cikin iska, shi kuma ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ya ce maganar iska kamar gani take: dutse ya tare ta, kwari ya haɗiye ta, nisa ya raunana ta, ruwan sama ya dame ta. Wanda ke ƙasa bai samu ba sai ya hau. Ranar da ya ga ana haƙa dogon rami gefen titin Tsafe ana binne wata igiya, ya tsaya ya tambayi masu haƙar. Suka ce zaren gilashi ne a ciki, haske ke gudu da magana. Ya dawo yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, “Kin gani? Ashe waya na nan, ƙasa ta shige. Iskar nan tasu daga hannu zuwa ƙarfe ce kawai.” Amma ya ƙara da wata maganar da ban ɗauka da nauyi ba sai yanzu. Ya ce ita waya kai kake jawo ta inda kake, ita iska kai kake zuwa inda take.

To ga inda nake yau.

Ɗanmu na fari, shi ma ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne, kuma kun san zamanin da muke ciki, yana zaune a gonar gado cikin ƙasar Bungudu, ta wajen duwatsu. Sunan ƙauyen ma na riƙe. Yana da mata da yara, yana noma dawa da waken suya. Na roƙe shi ya dawo Gusau har bakina ya gaji, ya ce in ya bar gonar me za su ci. Da can akwai ƙarfen sabis kusa da su. Da hanya ta lalace, motar da ke kai wa injinsa mai ta daina zuwa, maigadin ya gudu, fitilar ta mutu. Tun daga nan sai ya ɗauko al'adar ubansa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wayata za ta yi ƙara sau biyu ta katse. In ce alhamdu lillahi, in ci abinci. Lokacin da aka rufe sabis a jihar gaba ɗaya na ga shiru iri-iri, na rame har zane ba ya zama a ƙuguna. Da aka buɗe, bugu biyun nan ya dawo, ya zame mini kamar ruwan sha. Ban taɓa tambayar daga ina yake bugowa ba. Ni a ganina daga ƙofar ɗakinsa ne, ko gindin tsamiyar gidan.

Wata Juma'a cikin daminar nan, ina tsince wake a tsakar gida, wayar ta yi ƙara. Ɗaya. Biyu. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai ta yi ta uku. Ta yi ta huɗu. Faifan ya faɗi daga cinyata. Na ɗauka, na ce, “Na'am?” Babu sallama. Iska kawai nake ji, da numfashin mutum, can nesa kuma ƙarar babura. Sannan wata murya da ban sani ba, ba tsoho ba, ba yaro ba, ta ce:

“Inna, ke ce uwar mai wayag ga?”

Na ce, “Ni ce. Ina yake?”

Ya yi dariya, ƙarama, ba ta mugunta ba ma, irin ta wanda ke cin gyaɗa. Ya ce, “Mu ma shi muke nema.” Ya katse.

Na buga, an kashe. Hadiza ta buga, an kashe. Jama'a, a nan na san abin da Malam ke faɗa. Da waya ce, da na ɗaura zane na bi turaku ɗaya bayan ɗaya har in iske inda ta yanke. Iska fa? Ta ina zan bi ta? Na fito ƙofar gida na tsaya ina duban ƙarfen sabis na unguwarmu, fitilarsa na ƙiftawa, ya san daga inda muryar ta fito, ba shi da bakin gaya mini.

Sai bayan kwanaki wani direba mai ɗauko gawayi ya sauke mini ɗan nawa a ƙofa, ƙafafunsa duk ƙaya, gwiwa a kumbure. A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe tun da ƙarfensu ya mutu, ba a samun sabis ko'ina a ƙauyen sai kan wani dutse, inda babu abin da ya tare tsakaninsa da ƙarfen bakin babban titi. Duk mai son magana can yake hawa, ya tsaya tsaye, ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Kowa ya san dutsen. Mutanen daji ma sun san shi, su ma da waya suke aiki, kuma wanda ya tsaya a kansa ana hango shi daga nesa. Ranar yana kaiwa sama ya ga babura sun kewayo. Ya yar da wayar, ya gangara ta baya, ya shige dawa ya kwanta.

Na ce masa kada ya sake hawa. Ya ce, “Haba Inna, al'adar Baba ce fa. In ban buga ba ki ƙi cin abinci, Hadiza ta ce har ramewa kike.” Na ce na yafe. Ya ce zai riƙa sauya lokaci. Gwiwa na warkewa ya sayi wata wayar ya koma, don dawa ta kusa isa yanka. Juma'ar da ta wuce ta yi ƙara sau biyu. Ban yi hamdala ba. Na buga masa a take, an ce ba a samunsa. Ko ya sauka ne, ko me, ban sani ba har yanzu da nake wannan magana.

Washegari ina shara na ɗaga kai na ga gorar da ke jingine a kusurwar ɗakina. Doguwa ce, da ƙugiyoyi biyu na ƙarfe a kanta, mun daɗe muna kakkaɓe yana da ita, jikoki na tsinko mangwaro. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Gorar nan Malam ya sassaƙa ta ne bayan faɗuwar Garba. Ya ɗaura mata doguwar waya har ƙasa. Tun daga ranar, in ya gama ɗauri a sama ba ya gwadawa a can. Sai ya sauko, ya kwance igiyar ƙugunsa, ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, sannan ya ɗaga gorar ya rataya ƙugiyoyin a layi, ya buga wa Maman Ngozi. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke, wai mai kamun kifi a sama. Bai kula ba. Ya ce mini, “In kin ji biyu, to na sauko. Ba zan gaya miki ina lafiya ba alhali ina rataye.”

Ɗan nawa yana goye lokacin da Garba ya faɗo. Ya tashi ya ji bugu biyu, bai san gorar ba. Ya gaji ƙarar, bai gaji ƙasar da ake tsayawa a kai ba. Shi bugunsa daga inda ya fi ko'ina haɗari yake fitowa. Duk Juma'ar da na ce alhamdu lillahi, a daidai lokacin yana tsaye a fili, hannu sama, saboda ni.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga wannan zamani, da magana ke ƙetare teku kafin ka ƙifta ido, amma ba ta iya sauka daga kan dutse zuwa ƙofar ɗakin ɗansa. Ina jin ba zai yi dogon bayani ba. Zai dubi dutsen ya ce abin da ya ce ranar Garba.

Ga abin da ya sa na zo gare ku. Ba ni da hanyar gaya masa. Wayarsa ba ta kamawa sai ya hau, kafin ya ji na ce kada ka hau, ya riga ya hau. Mai gawayi ya daina shiga wajensu. Sai na tuna yadda magana ke tafiya a da. Hadiza ta ce ana karanta jaridar nan a Bungudu, ana karanta ta a Kwatarkwashi, har a Kekun Waje akwai masu karanta wa jama'a ranar kasuwa. To ku zame mini turaku. Wanda ya karanta ya faɗa wa mai awo, mai awo ya faɗa wa mai jaki, mai jaki ya kai ta inda mota ba ta zuwa. Ba sai kun san sunansa ba. Ku ce ɗan Mai Waya, wanda ya san shi ya san shi. Ku ce masa uwarsa ta ce bugun ubansa daga ƙasa yake yin sa, da gora, bayan ya sauko. Ku ce wanda yake yi ba na ubansa ba ne. Ku ce na yi alkawari zan ci abinci.

Turakun da Malam ya hau sun ruɓe, ƙarfen an narkar, shagon Maman Ngozi yanzu caji ake yi a ciki, ita ma ta koma garinsu tun tuni. Abin da ya rage mini nasa gora ce, da hankalin mutumin da ya ƙi ya faranta mini rai kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ɗansa irin kunnensa.

Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, zan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗora wayar a cinyata kamar kullum. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ta yi ƙara. Wannan karon, ku taya ni roƙo kada ta yi.