Zaren ɗinkin buhu da magen 'yar ƙanina a Dubai

Asubar fari muka bar gida, ni da abokiyar tafiyata da muka daɗe muna saro kaya tare. Gari bai gama wayewa ba muka isa filin jirgi a Kano. Akwatina biyu ne, ɗaya kusan fanko, ɗayan kuma cike da kilishi, dambun nama, kuka da daddawa, tsarabar 'yar ƙanina da ke aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, can Dubai. Shekara da shekaru a masaukin 'yan kasuwa na Al Ras nake sauka, amma bana yarinyar nan ta rantse sai dai mu sauka wajenta.

Ta tarbe mu da motarta. Titunan Dubai suna nan yadda na san su, sumul, ba rami ba ɗan sahu, sai dai kowa gudu yake kamar ya bar tukunya a wuta. Gidanta can sama yake a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. Tana buɗe ƙofa sai ga wata mage ja, ƙatuwa, ta zo tana shafa mata ƙafa. Shwaiya take kiranta, wato 'yar kaɗan da Larabci, don da ta tsince ta a bayan wani sito duk girmanta bai wuce tafin hannu ba. Yanzu kam sunan ya yi mata kaɗan.

Da muka zauna cin abinci na ga mage da kwanonta, da abincinta na gwangwani, da katin rigakafinta manne a jikin firji. Ban gama mamaki ba ta ce min har inshorar lafiya ta yi mata, duk wata ana cire wani ɗan abu daga albashinta.

Na ajiye cokali na ce, "Ni gwaggonki ba ni da inshora, sai mage? Tamu ta gida ɓera take ci, kuma ba ta taɓa ganin likita ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, nan ba gida ba ne." Abokiyar tafiyata ta yi ta dariya har tana ƙwarewa.

Kwanakin da suka biyo baya na kasuwa ne. Kullum mu bi jirgin ƙasa na cikin gari zuwa bakin ruwa, mu tsallaka zuwa Deira a ɗan kwale-kwale, mu shiga lungunan Al Ras inda ƙamshin kanumfari da turaren wuta ke bin mutum har cikin mayafi. Abaya ta yi tsada bana, mayafai ma haka. Ba'indiyen da nake saye a wajensa yana ganina ya ce da Hausa, "Hajiya, babu ragi," tun ban buɗe baki ba. Abin da bai canza ba shi ne shayin karak, mai kauri da zaƙi, da shinkafar biryani da faranti ɗaya ke isar mu biyu.

Manyan kaya mun kai su sito a Ras Al Khor don a loda a kwantena. Ƙananan kuwa gida muka kawo. Duk wanda ya san mu ya san ba ma yarda da ɗaurin kowa, da hannunmu muke ɗinke buhunanmu. Ranar da 'yar ƙanina ta tafi aiki muka baje a falo, basilla a hannu, zaren leda a gefe, kilishi a tsakiya. Mu ɗinka, mu gutsura, mu yanke zare mu yar a ƙasa yadda muke yi a shago. Ashe duk zaren nan ya sha man kilishi daga yatsunmu.

Washegari da hantsi mage ta ƙi cin abinci. Ta yi amai sau biyu, ta shige ƙarƙashin kujera ta lafe. Da na jawo ta na buɗe bakinta, sai ga bakin zarena a naɗe ƙarƙashin harshe, sauran ya tafi ciki. Na kama zan zaro, sai abokiyar tafiyata ta ce in fara kiran mai ita.

"Kada ki ja, Gwaggo, don Allah kada ki ja," ta ce a waya. "Zai yanka mata hanji. Ku sa ta a kejinta ku hau tasi, yalla, ku yi sauri, ina nan tafe."

Ban taɓa shiga asibitin dabbobi ba sai ranar. Ya fi wasu asibitocin mutane da na sani tsafta. Wani Bature na zaune da karensa mai girman maraƙi, na tattare hijabina na koma ƙarshen benci. Likitar ta ɗauki hoto ta ce zaren ya tattare hanji, sai an yi aiki yau, in ba haka ba magen ba za ta kai ba. Da ta faɗi kuɗin aikin na ga ya fi ƙarfina. Zarena ne, a gidan da aka karrama ni. Na fara tunanin ko in koma wajen Ba'indiye ya karɓi abayoyinsa.

Yarinyar ta iso a guje da katin aikinta a wuya. Ta yi magana da matar da ke kan tebur, aka kira kamfanin inshorar, aka ce haɗari irin wannan yana cikin abin da suke biya, ita kaso kaɗan kawai za ta bayar. Aka shiga da mage. Na ce ni zan biya kason, ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, Gwaggo, zauna."

Muna zaune muna jira na ga tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce ta yi haƙuri, in Allah ya yi ikonsa ai mage ba ta ƙarewa a duniya.

Ta ce, "Gwaggo, shekarun nan da na yi a nan, ita kaɗai ke jirana a bakin ƙofa. A gida in abu ya samu mutum, kafin la'asar dangi sun haɗa hannu. A nan wa zan kira?"

Na ji kunya, na kuma ji tausayinta. Mu a Kano muna ta alfahari da 'yarmu mai aiki a Dubai, muna aika mata jerin sautu, amma ban taɓa tambayarta wa take yi wa sallama in ta shiga gida ba.

Bayan la'asar likitar ta fito da zaren a cikin 'yar leda, ya kai tsawon hannuna, ta ce aiki ya yi kyau. Na yi hamdala a fili har Baturen nan ya waiwayo. Da aka sallamo Shwaiya, ciki a aske, da wani abu kamar mazurari a wuya don kada ta lashi ɗinkin, ko kallona ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba. Sauran buhunan a sito muka ƙarasa su, kuma kowane guntun zare a jakata ya kwana.

Mun sauka Kano lafiya, kaya na bisa ruwa. Da na ba mutanen gida labari suka yi ta dariyar mage mai inshora, irin dariyar da na yi. Na ƙyale su. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, wanda ke zaune inda ba dangi dole ya tanadi abin da zai tsaya masa, shi da duk abin da ke hannunsa. Yanzu duk Juma'a ina kiran yarinyar, ba don sautu ba. Sai na fara tambayar jikin Shwaiya, sannan in ce ta ba ni labarin yadda ta wuni, kuma ba na ajiye wayar sai ita ta gaji.