Abin da Kawu Ya Ba Akawal

Shekara talatin ke nan da rasuwar Kawu Bello na Kebbe, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ina rubutun nan da ɗari-ɗari, domin ban amince da duk abin da nake tunawa ba.

Kawu malamin firamare ne, amma an fi saninsa da baƙin dokinsa na sukuwa, Akawal. Abincinsa harawar wake ne, da jiƙaƙƙiyar dawa da yamma, sai dusa da ɗan kanwa jifa-jifa. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, wani abokinsa ɗan kwangila ya kawo masa buhun abincin doki na ƙasar waje, ana gab da sukuwa a Tambuwal. Akawal ya zo na ɗaya. A hanyar komawa gida cikinsa ya kumbura, ya yi ta birgima, kafin asuba ya mutu. Kawu bai sake ɗaure doki ba.

Ni dai ina ganin kamar na ga hannunsa cikin buhun nan. A jami'a an koya mana cewa sauya wa doki abinci farat ɗaya na iya murɗe masa ciki. Amma matarsa, Inna Hajo, ta rantse ba a taɓa kwance buhun ba, ɓeraye ne suka cinye shi a zaure. A wurinta kanwa ce ta yi yawa, dokin ya kwankwaɗi ruwa jikinsa da zafi. Wataƙila ita ke da gaskiya. Wataƙila buhu biyu ne.

Na taɓa tambayar Kawu. Ya ce, "Ɗan boko, kai da kak karanta dabbobi, mi kag gani?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, mu biyu ke nan."

Yau irin buhunan nan sun cika kasuwa. Da Kawu na raye, ko zai saya, ko zai kawar da kai, ban iya cewa ba. Abin da na tabbata ya bari shi ne son doki: ɗansa Sani ya ɗaure nasa a tsohon turken Akawal, zai yi sukuwa bayan girbi, kuma ni ya tambaya me zai ba shi.

Duk wanda ya shiga gidan Kawu a wancan lokacin, don Allah ya aiko ya gyara mini. An kwance buhun nan, ko ba a kwance ba? Sani yana jirana, gero kuma ya fara nuna.