Yadda Mai Guga Ta Zama Alƙaliyar Littattafan Zane

Ɗiyarta ce ta fara ba ni labarin Mai Guga, nas ɗin nan da ke duba min hawan jini. Tana ɗaura min abin awo a hannu tana tsaki, na ce lafiya, ko jinin ne ya hau? Ta ce, "Naki lafiya lau Mama, nawa ne ya hau, kuma littafi ne ya hau da shi." Daga baya na san uwar, muka saba, sauran daga bakinta na ji. To ga yadda abin yake.

Mai Guga ta haura shekara talatin tana guga. Mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar ta da yara biyu, mace da namiji, da dutsen guga na gawayi. Da shi ta fara, a ƙasa, a kan bargo, har Allah ya hore mata na lantarki da tebur. Teburin nan dogo ne, mutum zai miƙe a kansa ƙafarsa ba ta leƙo ba. Duk layin an san hannunta. In ta kama karin wando, sai wandon ya tsufa karin bai kwanta ba. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma ba ta taɓa ba wani rigar wani ba, don da zare mai launi take yi wa kowane gida alama a cikin wuya.

Ɗanta Auta yana shekara bakwai wani mai kawo guga ya manta littafi a aljihun kwat. Irin littattafan zanen nan ne, da ake ba da labari da hotuna gida-gida, magana na fitowa daga bakin mutum kamar balan-balan. Ta mayar masa da abinsa, ya ce a bar wa yaro. Ta ce da ta san abin da ke tafe, da a ƙofa za ta ajiye masa ta juyo.

Auta dai ya girma, ya zama mai gyaran waya, har da gemu, bai bar littattafan nan ba. Ya samu irinsa su huɗu: mai aski, mai kemis, malamin makaranta, da wani direban bas. Direban nan musun littafi ya kawo shi gidan, ya ga yayar Auta ta dawo daga asibiti, musu ya zama aure. Yanzu 'ya'yansu uku, kuma duk ranar hutunsa shi ke kwaso su a mota ya kawo wa kakarsu su yini.

Kowace shekara, in watan ƙarshe ya kama, su biyar ɗin nan sai sun zaɓi littattafai goma da suka fi na shekara, su jera daga na goma zuwa na ɗaya, su sa a waya mutane su yi ta zaginsu a ƙasa. Kuma duk garin ba su ga inda za su baje kayansu ba sai teburin Mai Guga. Asabar uku suke cinyewa, daga azahar zuwa magariba. Ita sai ta tara kayan mutane a kan gado ta zauna tana jin ƙatti masu iyali suna ɗaga jijiyar wuya a kan ko hancin wani ya yi tsawo a shafi na arba'in.

"Umma, kar ki kawo dutsen nan kusa."

"Umma, hannunki da ruwa."

A gidanta, a teburinta. Abu ɗaya ne ba ta ɗaga musu ƙafa ba: in za ta yi salla sai an kife littattafan an rufe da zane, don ba za ta ta da kabbara wasu masu jajayen ido suna kallonta ba. Kuma sai sun tashi sun tafi masallaci, ko da ana tsakiyar na uku da na huɗu.

Da ɗaga hannu suke yanke hukunci. Su biyar ne, dole ɓangare ɗaya ya rinjaya, wanda aka kayar ya yi ƙunƙuni ya sha shayi ya tafi. To bara aka yi wa malamin makaranta canjin wajen aiki, suka koma huɗu, kuma duk wayonsu ba wanda ya lura sai da aka zo na ɗaya. Auta da mai kemis suka ɗaga wa wani littafin ɗan sandan ciki mai doguwar kwat. Direba da mai aski suka ɗaga wa na wata yarinya mai tuƙa jirgin ƙasa. Biyu da biyu. Aka sake, biyu da biyu. Suka kira malamin a waya, ya ce shi bai karanta ko ɗaya ba, jarrabawa yake makin.

Daga nan magana ta bar littafi.

Auta ya ce, "Kai karatunka irin tuƙinka ne, gaba kawai kake kallo, ba ka duba madubi."

Direba ya ce, "Na ji. Kai kuma gemun ne kawai ya girma, idon na ɗan shekara bakwai ne."

Mai aski ya yi dariya, dariyar ta ƙara wa abin wuta. Auta ya ce ai dama don darajar Yaya ake barin wasu suna zama a teburin nan. Direba ya miƙe. Ya ɗauki makullinsa, ya durƙusa ya yi wa surukarsa sallama, ya fita.

Ranar hutu ta zo, mota ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta biyu ma haka. Nas ta bugo waya ta ce, "Umma ki yi haƙuri, ya ce ba zai taka inda ake masa gori ba. Ni kuma in na zo ni kaɗai, Auta ya tare ni da ƙara, in na koma gida wancan ya tare ni da tambaya. Na gaji." Mai Guga ta ajiye wayar ta dubi kwandon da take tara wa jikokin kayan wasa. Ƙaramar ta fara tafiya a cikin kwanakin nan, a bakin mutane ta ji.

Ta kama Auta. "Kai, ba ka ji malamai na cewa Musulmi ba ya gaba da ɗan'uwansa ya wuce kwana uku ba?"

"Ba gaba ba ce Umma, saɓanin ra'ayi ne."

"Saɓanin ra'ayin ne ya hana ka amsa sallamarsa a bakin kemis?"

"Ban ji ba ne."

"To kwashe min tarkacen nan in yi aikina."

Nan ma ya ce ba zai yiwu ba, dokarsu ce ba a ɗaga littafi daga tebur sai an yanke hukunci, in ya kwashe za a ce ya yi maguɗi. Haka mace mai shekara sittin da ɗoriya ta koma guga a ƙasa, a kan bargo, kamar farkon zawarcinta, ga tebur a gabanta an rufe shi da zane kamar mara lafiya. Sabuwar shekara ta shiga, ta yi sati biyu, ba jerin goma, ba jikoki.

Wata rana da la'asar aka ɗauke wuta tana tsakiyar rigar wani. Ta zauna tana jira, bayanta na ciwo, idonta ya faɗa kan teburin. Ta ce bari dai ta ga abin da ya raba ta da jikokinta. Ta goge hannu, ta yi bisimilla, ta janyo biyun da ke kan gaba. Rubutun bai dame ta ba, tunda ba ruwanta da shi. Mutanen ta bi da kallo, da abin da suka sa a jikinsu. Kwana uku tana haka duk sanda ta samu sarari. Rana ta huɗu ta aika wa Direba cewa uwar matarsa na kira, ya zo da iyalinsa, ta kuma ce wa Auta in ya fita daga gidan ranar ba da yawunta ba.

Suka zo. Ɗaya ya zauna a wannan ƙarshen tebur, ɗaya a wancan, kowa na kallon bango. Nas ta tsaya a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa.

Mai Guga ta ce, "Kun rasa na biyar, ko? To ga ni."

Auta ya ce, "Umma, ai ke ba ki..."

"Ban iya karatu ba, na sani, ni na biya maka kuɗin koyonsa. Buɗe naka."

Ya buɗe. Ta sa yatsa.

"Wannan mutumin naka tun farkon littafi yake cikin ruwan sama. Nan ya faɗa kwata. Juya. To dubi kwat ɗin, a bushe, tana tashi sama kamar an shanya ta. Kwat mai kauri irin wannan in ta sha ruwa kwana biyu take yi a igiya, kuma mannewa take a jiki. Ga wandonsa, ya yi dambe da mutum shida kari na nan tsaye. Wa ke yi masa guga? Ba mata, ba uwa, ban ga ko bokiti a ɗakinsa ba. Wanda ya zana wannan bai taɓa wanke ko hankici ba."

"Umma, salo ne."

"Ƙarya dai ce. Malam, buɗe naka."

Direba ya buɗe, kansa a ƙasa.

"Yarinyar nan, nan wurin da ta ja mutumin da ya kusa faɗawa ƙarƙashin jirgi, maɓallinta na biyu ya tsinke. Ga shi can yana gangarawa. Bi ta shafi-shafi, rigar a buɗe take a wurin, har tana kama shi da hannu in iska ta taso. Sai can da ta je gidan tsohon nan, ubanta ne ina ji, suka yi faɗa ta kwanta. Da safe ga maɓalli, amma baƙi, sauran farare. Tsohon ne ya ɗinka bai faɗa mata ba, dubi zaren, ɗinkin namiji ne. Har littafin ya ƙare da baƙin maɓallin take yawo. Wannan mai zanen ya san tufa, ya san mutane. Shi ne na ɗaya. Ku kwashe min kaya."

Direba ya janyo littafin yana ta juyawa baya. Sau huɗu ya karanta shi a baya, ashe bai taɓa ganin maɓallin ba. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Auta, zo ka gani. Wallahi baƙi ne."

Auta ya yi kamar ba zai tashi ba, sai ga shi ya zagayo. Suka haɗa kai a kan shafi ɗaya.

"Koma baya. A'a, wancan. Kai, har inuwar zaren ya sa."

"Na gaya maka mutumin nan ya iya."

"Ba abin da ka gaya min, kai ƙarshen kawai kake ta yabo." Auta ya ɗago. "Amma Umma, gaskiya ba a zaɓen littafin shekara da maɓalli."

Direba ya ce, "Nan kam yana da gaskiya Umma, akwai tsarin labari, akwai..."

Mai Guga ta ce, "Au, yanzu kuma bakinku ɗaya?"

Nas ta sauke yarinyar, ta tako da ƙafarta har wurin kakarta ta kama zaninta. Mai Guga ta ɗauke ta, ta bar su suna ta bayani, ko kallonsu ba ta yi ba. Ranar aka kwashe littattafai, aka sa jerin a waya, mutane suka zage su kamar kullum.

Ta ɗauka ta huta ke nan. Ina. Malamin makaranta bai dawo ba, su kuma suka ce ba su yarda da kowa a kujerar ta biyar ba sai ita. Ta ce ba ta so, suka je suka yanko mata tabarau. Bana tun watan bai kama ba suka fara kawo mata, wai ta fara dubawa.

Jiya na je karɓo mayafina da na kai mata guga. Na same ta a gefen tebur, rabi kayan guga rabi littattafai ashirin da bakwai, jikoki na rarrafe a ƙarƙashi, tabarau a karan hanci. Tana juya shafi tana tsaki, wai wani ya zana mace tana shanya farare tare da jan zani mai zuba. Ta ajiye shi a ɓangaren waɗanda ba za su shiga goma ba, ta ce in dawo jibi, mayafin bai samu ba tukuna.