Ƙofar da Ba a Ƙwanƙwasawa Ranar Alhamis

A tsakiyar shekarun 1980 ina aikin jinyar marasa lafiya a gidajensu a Washington. Ni ba nas ba ce. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, a Amurka kuma na yi kwas na 'yan makonni aka ba ni takarda, wani ofishi ya riƙa tura ni gidaje. Ina zaune a Hyattsville a ɗakin yayata, wadda ita cikakkiyar nas ce a asibiti. Bas biyu nake shiga kafin in isa wurin aiki, kuma ban taɓa makara ba.

Gidan da zan ba da labarinsa na wasu mutanen Japan ne, miji da mata, a arewa maso yammacin birnin. Sun zo ne domin a yi wa matar aikin zuciya, suka kama haya kusa da 'yarsu da ke aure a nan. Mijin ya haura sittin, sana'arsa zana labari cikin hotuna, abin da suke kira manga. Kowane mako wata mujalla a ƙasarsu tana buga shafukansa. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma wani mutum yakan zo da mota, ya karɓi ambulan ɗin shafukan, ya wuce filin jirgi. Duk abin da ake yi a gidan, a kan wannan ƙarfe huɗun aka auna shi.

Mama nake kiran matar. Ita kuma Saje take ce mini, wai na fi sojan da ya tsare unguwarsu bayan yaƙin duniya na biyu tsanani. Da guntun Turancinta da guntun nawa muke magana. Dokokina ba su da yawa: magani a kan lokaci, cin abinci a zaune, kuma kada ta tashi zuwa banɗaki sai na riƙe ta. Likita ya ɗora ta a kan maganin da ke tsinka jini, kuma an koya mana a kwas cewa mai shan wannan magani, in ya bugu a ka, ko bai ji ciwo ba, asibiti za a kai shi nan take.

Ita ma tana da aikinta a cikin zanen. Mijin yakan sa alamar gicciye da fensir a duk inda yake son baƙi, gashi ko inuwa ko riga, ita kuma ta cike wurin da tawada da ɗan siririn buroshi. A kan gado take yi, da katako a cinyarta. Ban taɓa ganin hannunta ya tsallake layi ba. A nan take ba ni tarihinsu: yadda ya fara zane a bayan takardun banza yana yaro, yadda suka yi shekaru a ɗaki ɗaya suna cin shinkafa da gishiri, yadda tun da aka ba shi fili a mujalla bai taɓa fashin mako ɗaya ba, shekara ashirin da wani abu.

Ranar Alhamis yakan turo mata shafukanta da safe, ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya rataya jan tawul a mariƙin. Na tambaye ta ma'anar tawul ɗin.

"Ko gidan na cin wuta, Saje, ba a ƙwanƙwasawa," in ji ta. "Ranar da uwarsa ta rasu, a aljihuna na ajiye saƙon sai da shafuka suka tafi."

"Bai yi fushi ba?"

"Godiya ya yi mini."

Tsoron mutumin nake ji tun kafin wannan magana. Ba ya faɗa, ba ya dariya, in muka haɗu a baranda sai ya ɗan sunkuyar da kai ya wuce, yatsunsa baƙi ƙirin.

Yanzu ga abin da ya faru, daki-daki. Wata Alhamis, ƙarfe goma sha biyu saura minti goma, ina kicin ina dama mata kunun shinkafa, na ji ƙara daga banɗaki. Ta tashi ita kaɗai ta je wanke buroshinta, ta zame. Na same ta zaune a ƙasa, hannunta a ƙeya. Na shafa wurin. Kumburin bai wuce goro ba, babu jini. Na ce zan kira motar asibiti.

Ta cafke wuyan hannuna. "Bayan ƙarfe huɗu."

"Mama, dokar ba haka ta ce ba."

"Saura shafi uku gare shi. In ya ji jiniya a ƙofar gida, makon ya tafi. Dubi, lafiyata ƙalau. Kaina ya fi naki tauri, naki kuwa dutse ne."

Ta yi dariya, na ɗaga ta na mai da ta gado. Na yarda da maganarta, kuma ba zan ce tausayi ne kawai ya sa ba. Na ji tsoron jan tawul ɗin. Na ji tsoron ofis su tambaye ni ina nake lokacin da ta tashi, ga shi zamana a ƙasar a kan aikin nan ya rataya. Na ce wa raina awa huɗu ba komai ba ne.

Na ja kujera na zauna ina kallon ta da agogo. Sha biyu da rabi ta sha kunu cokali biyar ta ture. Ƙarfe ɗaya ta ce in rufe labule, haske na damun ta. Ta ci gaba da cike baƙinta. Daga bayan bango ina jin ƙarar alƙalaminsa yana kartar takarda, ba ya tsayawa. Ɗaya da rabi na ga buroshinta ya tsallake layi, tawada ta shiga fuskar wata yarinya da ke cikin hoton. Ta dubi ɓarnar ta daɗe. Na ce, "Mama, kanki?" Ta ce, "Kaɗan." Na tambaye ta yau wace rana, ta ce Alhamis, har da harara. Na riƙe wannan amsar na ƙara zama.

Ƙarfe uku saura kwata ta yi amai a kan bargo.

Na je kicin na buga wa yayata waya a asibitinsu, ina magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, matar nan ta faɗi ta bugu a ƙeya."

"Mai shan maganin jinin? Yaushe?"

"Kafin sha biyu."

"Ke! Kafin sha biyu? Me kike jira, a zo a yi miki kiɗa?"

"Mijin yana aiki, ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa."

"Ƙofar Aljanna ce? Uwar tsari, yau ina tsarin naki? Je ki buɗa idanunta ki duba ƙwayar. Ki ajiye wayar nan ki kira mota yanzu, ko in kira da kaina in ba su sunanki."

Na koma ɗakin. Mama ta kwanta gefe, na kira ta sau uku kafin ta amsa, da yarensu. Na buɗa idanunta. Ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya girma. Ƙarfe uku daidai na kira motar.

Sannan na tsaya a gaban ƙofarsa. Ko a lokacin, Allah Ya sani, sai da na ɗaga hannu na sauke. Ban ƙwanƙwasa ba a ƙarshe, murɗawa na yi na shiga. Ɗakin na warin tawada da taba. Ya ba ni baya, ya duƙufa a kan tebur, bai juyo ba. Ya faɗi kalma ɗaya da ƙarfi. Na ce, "Maigida, Mama." Alƙalamin bai tsaya ba. Sai na kama hannunsa na ja, bakin alƙalamin ya tsaga shafin daga sama har ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, na zaci mari zai biyo baya. Na nuna ƙeyata, na nuna ɗakinta. Ya tashi da gudu har kujera ta kife.

Da masu motar suka iso yana durƙushe a gefen gado yana kiran ta, tawadar yatsunsa duk ta ɓata mata kumatu. Mai karɓar shafuka ya zo ƙarfe huɗu ya tarar da gida a rufe.

A asibiti aka ce jini ne ya taru a cikin kanta, aka shiga da ita tiyata. 'Yarsu ta zo. Muna zaune a baranda uban ya yi mata magana, ta juyo ta ce, "Babana yana tambaya, ƙarfe nawa ta faɗi?" Zan iya cewa biyu da rabi, babu mai ƙaryata ni a lokacin. Na ce sha biyu saura minti goma. Na gaya mata abin da uwarta ta roƙe ni, da cewa na yarda. Ta fassara masa. Ya ɗaga baƙaƙen yatsunsa ya rufe fuskarsa, ya daɗe a haka. Bai zage ni ba.

Mama ta rayu. Maganarta ta dawo bayan makonni, amma hannunta na dama bai dawo daidai ba, ko cokali sai an ɗaura mata. Ofis suka cire ni daga gidan, suka dakatar da ni wata biyu, suka rubuta abin a fayil ɗina, kuma ban yi musu ba. Yayata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba.

Sau ɗaya na je duba Mama kafin su koma ƙasarsu. Ta ce mujallar ta fito wancan makon ba shafukansa, kuma ba wanda ya mutu saboda haka. Likitan da ya yi mata aiki ya shigo ina nan, mutum mai sauƙin kai, ya ce ko akwai mai tambaya. Ina da ita a bakina: da an kawo ta sha biyu, hannun zai tsira? Na dubi hannun a kan bargo, na ce babu. Ya fita, ni ma na yi mata sallama na tafi kama bas.